Halin ko-in-kula da siyasa da kare 'yancin ɗan ƙasa: abin da rikicin tazarce ya nuna a Nijar

Halin ko-in-kula da siyasa, wanda ake kira "apathie politique" da Faransanci, shi ne ɗan ƙasa ya ɗauke kai daga yadda ake mulkin ƙasarsa. Mai wannan hali ba ya yankar katin zaɓe, in ya yanka ba ya zuwa rumfa, bai san wanda ke wakiltarsa a majalisa ba, kuma idan aka kama maƙwabcinsa saboda wata magana da ya faɗa, sai ya ce ba ruwansa. Abin da ke sa a damu da wannan hali shi ne, 'yancin da aka rubuta a kundin tsarin mulki ba ya iya tsare kansa. Sai da kotu mai ƙarfi, da 'yan jarida, da ƙungiyoyi, sannan da jama'ar da za ta tsaya musu idan masu mulki suka taso musu.

Jamhuriyar Nijar ta ga fuskoki biyu na wannan al'amari. Ta ga lokutan da ɗalibai da ma'aikata da mata suka fito suka tilasta wa gwamnati sauya hanya, ta kuma ga zaɓukan da akasarin masu rajista suka yi zamansu a gida. Rikicin tazarce na 2009 zuwa 2010 shi ne inda fuskokin biyu suka haɗu a fili.

'Yancin da ake magana a kai

Idan aka ce 'yancin ɗan ƙasa, ana nufin abubuwan da hukuma ba ta da ikon hana mutum ba tare da dalilin doka ba: faɗin albarkacin baki, kafa ƙungiya ko shiga cikinta, taro da zanga-zangar lumana, bin addini, zirga-zirga, da kariya daga kamu ko tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Akwai kuma 'yancin zaɓe da tsayawa takara, wanda shi ne makamin da jama'a ke amfani da shi wajen korar gwamnatin da ta taka sauran.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981 ta kuma fara aiki a 1986, ta tanadi waɗannan haƙƙoƙi. Aya ta 9 ta yi magana kan samun labari da faɗin ra'ayi, ta 10 kan kafa ƙungiya, ta 11 kan taro, ta 13 kuma kan shiga harkokin mulki. Yarjejeniyar ta bambanta da takwarorinta na wasu nahiyoyi ta wajen ware ayoyi na 27 zuwa 29 domin nauyin da ke kan mutum game da iyalinsa da al'ummarsa da ƙasarsa. Ke nan tun a rubuce an haɗa haƙƙi da nauyi.

Yadda 'yan Nijar suka samo shi

Daga samun 'yancin kai a 1960 zuwa 1990, Nijar ba ta san siyasar jam'iyyu barkatai ba. Jam'iyya guda ce a zamanin Diori Hamani, sai mulkin soja na Seyni Kountché daga 1974 zuwa rasuwarsa a 1987, sannan Ali Saibou da jam'iyyarsa ta MNSD.

A ranar 9 ga watan Fabrairun 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zangar adawa da matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku daga cikinsu. Kisan ya haɗa kan ƙungiyar ɗalibai ta USN da uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, suka shiga yajin aiki da jerin gwano, har Ali Saibou ya amince da siyasar jam'iyyu da yawa a watan Nuwamban wannan shekara.

Da aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, mace ɗaya tak aka sa a ciki. A ranar 13 ga watan Mayun 1991 mata suka yi tattaki a Yamai zuwa ofishin firaminista, aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa har yanzu 13 ga Mayu take ranar matan Nijar. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, ya karɓe iko daga hannun shugaban ƙasa, ya naɗa Amadou Cheiffou firaministan riƙon ƙwarya. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta. Jaridu masu zaman kansu suka bayyana, daga bisani gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya.

Abin lura shi ne, waɗanda suka yi wannan fafutuka ba su da yawa idan aka kwatanta da yawan al'ummar ƙasar. Akasarinsu 'yan boko ne mazauna birane: ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati. Sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan Nijar kuwa a karkara suke zaune.

Abin da rumfunan zaɓe suka nuna

A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, wanda ya kawo Mahamane Ousmane kan mulki, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ne suka kaɗa ƙuri'a. Jamhuriya ta uku ba ta yi nisa ba, domin rikici tsakanin shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadou ya tsayar da aikin gwamnati, sai Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki a ranar 27 ga Janairun 1996. Shi ma dogarawan fadarsa suka kashe shi a ranar 9 ga Afrilun 1999.

Kundin tsarin mulkin jamhuriya ta biyar, wanda daga baya aka yi ta gumurzu a kansa, an amince da shi ne a zaɓen raba gardama na 18 ga Yulin 1999, inda waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. A zaɓen 1999 da ya kawo Tandja Mamadou, da na 2004 da ya sake lashewa, masu kaɗa ƙuri'a ba su kai rabi ba. Wannan ba ciwon Nijar kaɗai ba ne. A Najeriya, kusan kashi 27 cikin 100 ne suka fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, adadi mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999.

Boren tsadar rayuwa na 2005

Duk da ƙarancin masu zaɓe, watanni uku kacal bayan sake zaɓen Tandja jama'a suka cika titunan Yamai. Dokar kasafin kuɗin 2005 ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi kamar fulawa da madara da sukari, ta kuma taɓa kuɗin ruwa da na wuta, jim kaɗan bayan fari da farin ɗango sun lalata amfanin gona. Ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin jagorancin Nouhou Arzika, ya kira gagarumar zanga-zanga a ranar 15 ga Maris, sannan ya kira ranakun zaman gida, inda kasuwanni da shaguna suka kasance a rufe a Yamai da wasu manyan birane.

Gwamnati ta kama jagororin, ciki har da Nouhou Arzika da Marou Amadou da Moussa Tchangari. Kamun bai kashe boren ba. A watan Afrilu aka sake su, gwamnati ta zauna da ƙawancen, ta janye harajin daga kan wasu kayayyakin. Boren ya nuna cewa mutumin da bai je rumfar zaɓe ba yana iya rufe shagonsa idan ya ga alaƙa kai tsaye tsakanin dokar da aka yi a majalisa da tukunyar gidansa.

Kafin tazarce

An fara matse 'yanci tun kafin maganar ƙarin wa'adi ta taso. Bayan ɓarkewar tawayen MNJ a arewacin ƙasar a 2007, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar Agadez a watan Agustan wannan shekara, ana sabunta ta duk bayan wata uku, lamarin da ya ba jami'an tsaro damar kamu da tsarewa fiye da yadda doka ta saba yarda. A watan Satumban 2007 aka kama Moussa Kaka, shugaban gidan rediyon Saraounia kuma wakilin RFI, bisa zargin hulɗa da 'yan tawaye, ya shafe sama da shekara guda a gidan kaso kafin a sake shi a watan Oktoban 2008. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙin ɗan Adam ne suka fi ɗaga murya a kan waɗannan batutuwa. Ba a ga cikar titi irin ta 2005 ba.

Tazarce, mataki-mataki

Aya ta 36 ta kundin 1999 ta ce ana zaɓen shugaban ƙasa na shekara biyar, kuma sau ɗaya kawai zai iya sake tsayawa. Aya ta 136 ta haramta taɓa wannan aya ta kowace hanya. Bisa haka wa'adin Tandja zai ƙare ne a ranar 22 ga Disamban 2009.

A ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara gangami suna neman ya zarce da shekara uku domin kammala manyan ayyukan da ya faro: madatsar ruwa ta Kandadji, gada ta biyu a Yamai, matatar man fetur ta Damagaram, da mahaƙar uraniyom ta Imouraren. Suka kira yunƙurin nasu da kalmar Hausa "tazarce", wadda aka riga aka sani a Najeriya tun zamanin Janar Sani Abacha. Tandja yana da farin jini na gaske a karkara, inda shirinsa na musamman ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyi, mutane da yawa ma "Baba Tandja" suke ce masa.

A watan Mayun 2009 aka bayyana cewa za a yi zaɓen raba gardama kan sabon kundi baki ɗaya, tunda tsohon ba ya gyaruwa. A ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki, wadda Salifou Fatimata Bazeye ke shugabanta, ta ba da ra'ayinta cewa yin hakan ya saɓa wa doka da rantsuwar shugaban ƙasa. Washegari Tandja ya rusa majalisar dokoki. A ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen. A ranar 26 ga Yuni shugaban ya ɗauki iko na musamman da sunan aya ta 53, kwana uku bayan haka ya rusa kotun kanta, ya naɗa wasu alƙalan. A daidai wannan lokaci aka dakatar da gidan rediyo da talabijin na Dounia.

Waɗanda suka tashi

Jam'iyyun adawa, da PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou a gaba, sun haɗu da ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago a ƙawancen FDD, wanda daga baya ya faɗaɗa ya koma CFDR. Jam'iyyar CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane, wadda ke cikin gwamnati, ta janye ministocinta a ƙarshen watan Yuni. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago bakwai sun kira yajin aikin gama-gari. An yi manyan tarukan gangami a Yamai, kuma a wajen ɗaya daga cikinsu ne, ranar 14 ga Yuni, Moumouni Adamou Djermakoye, shugaban jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Marou Amadou, jagoran ƙawancen FUSAD, ya shiga hannu a watan Agusta bayan ya yi kiran a ci gaba da bijire wa sabon tsarin.

Ƙaurace wa zaɓe da ko-in-kula

'Yan adawa sun yi kiran a ƙaurace wa zaɓen raba gardama na ranar 4 ga Agustan 2009. Hukumar zaɓe ta ce kashi 68 cikin 100 na masu rajista sun fito, kuma kashi 92.5 sun amince. 'Yan adawa sun yi watsi da alƙaluman, suna cewa rumfuna sun kasance wayam. Sabon kundin ya ba Tandja ƙarin shekara uku ba tare da zaɓe ba, ya kuma cire iyakar wa'adi.

A nan ne ake ganin bambanci tsakanin abubuwa biyu da suka yi kama a ido. Mai ƙaurace wa zaɓe ya san abin da ake yi, ya ƙi zuwa da gangan domin kada ya halatta shi. Mai halin ko-in-kula bai je ba ne saboda bai ɗauki abin da muhimmanci ba. Matsalar ita ce akwatin zaɓe ba ya rarrabe su. A ƙasar da aka saba rabin masu rajista ba sa fitowa, rumfar da babu kowa ba ta zama hujja mai ƙarfi ga masu ƙauracewa, kuma gwamnati na iya faɗin adadin da ta ga dama idan babu wakilan jam'iyyu da 'yan sa ido da suka ƙirga. Ta haka ko-in-kula na shekarun baya ya rage wa makamin ƙauracewa kaifi a ranar da aka buƙace shi.

Yadda aka ƙare

An yi zaɓen 'yan majalisa a ranar 20 ga Oktoban 2009 ba tare da manyan 'yan adawa ba. Ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ta tsayar da tallafin raya ƙasa, aka naɗa tsohon shugaban Najeriya Janar Abdulsalami Abubakar mai shiga tsakani. Tattaunawa ta cije. A ranar 14 ga Fabrairun 2010 dubban mutane suka sake fitowa zanga-zanga a Yamai. Kwana huɗu bayan haka, ranar 18 ga wata, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka afka wa fadar shugaban ƙasa ana tsakiyar taron ministoci, suka kama Tandja. Dubban jama'a, har da magoya bayan CFDR, sun fito suna yi wa sojojin barka.

Majalisar mulkin sojan ta CSRD ta cika alkawarin da ta ɗauka. An amince da kundin jamhuriya ta bakwai a ranar 31 ga Oktoban 2010, ya maido da iyakar wa'adi biyu, Mahamadou Issoufou ya karɓi mulki a ranar 7 ga Afrilun 2011. Fatimata Bazeye ce ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya da ta tabbatar da sakamakon zaɓen. Shi kansa Tandja, wanda ya rusa kotu, kotun CEDEAO ce ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2010 cewa tsare shi da sojoji ke yi ya saɓa wa doka, kuma a watan Mayun 2011 ya samu 'yancinsa.

Sai dai abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne, wata tara na hukuncin kotu da yajin aiki da zanga-zanga ba su dakatar da tazarce ba, bindiga ce ta dakatar da ita cikin yini guda. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane juyin mulki da jama'a suka yi wa tafi yana ƙara koya musu cewa akwai wanda zai zo ya raba gardama, kuma wannan jira shi ma wani nau'i ne na ko-in-kula.

Senegal da Burkina Faso

Ƙasashe biyu na yankin sun fuskanci irin wannan jarrabawa bayan Nijar. A Senegal, wasu mawaƙan zamani na ƙungiyar Keur Gui tare da ɗan jarida Fadel Barro sun kafa ƙungiyar Y'en a Marre a watan Janairun 2011, saboda takaicin ɗauke wutar lantarki. A ranar 23 ga Yunin 2011 jama'a suka yi wa majalisar dokoki ƙawanya a Dakar, har shugaba Abdoulaye Wade ya janye ƙudurin da zai ba ɗan takara damar lashe zaɓe da kashi 25 cikin 100 kacal. Majalisar tsarin mulki ta amince Wade ya nemi wa'adi na uku, amma matasan sun riga sun shafe watanni suna bi unguwa-unguwa suna sa takwarorinsu yankar katin zaɓe. A zagaye na biyu, ranar 25 ga Maris 2012, Macky Sall ya kayar da Wade da kusan kashi 66 cikin 100. A watan Fabrairun 2024 kuma, da Macky Sall ya ɗage zaɓe, majalisar tsarin mulki ta soke matakin a ranar 15 ga wata, ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'a da shugabannin addini suka matsa lamba, aka yi zaɓen a ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye ya lashe tun a zagayen farko.

A Burkina Faso, ƙungiyar Balai Citoyen da mawaƙa Smockey da Sams'K Le Jah suka kafa a 2013 ta taka rawa a boren da ya hana Blaise Compaoré gyara aya ta 37 bayan shekara 27 yana mulki. Masu zanga-zanga sun ƙone majalisar dokoki a ranar 30 ga Oktoban 2014, washegari ya yi murabus. A watan Satumban 2015 yajin aiki da boren jama'a, tare da sauran rundunonin soja, suka wargaza juyin mulkin Janar Gilbert Diendéré cikin mako guda. Amma taɓarɓarewar tsaro ta sa sojoji sun karɓi mulki har sau biyu a 2022.

Senegal ce kaɗai cikin ukun da ba ta taɓa ganin juyin mulkin soja ba, kuma a can ne fushin titi ya rikiɗe ya zama katin zaɓe.

Abin da ke haifar da ko-in-kula

Na farko shi ne talauci da neman abin sakawa a baki. Manomin da ke fargabar damina, ko ɗan ci-rani da ya tafi Kano ko Abidjan ko Libiya, ba shi da sararin bin muhawarar majalisa. Na biyu shi ne harshe da karatu. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, alhali dokoki da takardun kotu da Faransanci ake rubuta su. Na uku shi ne takardu: mutane da yawa ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, abin da ya sa aka yi ta taƙaddama a zaɓen 2016 kan ba mutum damar kaɗa ƙuri'a da shaidar mutum biyu. Na huɗu shi ne yanke ƙauna, idan jama'a suka ga 'yan siyasa na sauya sheƙa, abokan gabar jiya sun zama abokan gwamnati yau, ko aka mayar da ƙuri'a abin saye da atamfa da sabulu. Na biyar shi ne tsoro, domin inda ake kama mai magana, shiru kan zama hanyar tsira. Na shida shi ne rashin tsaro, wanda ya raba dubban mutane da garuruwansu a jihohin Diffa da Tillabéri da Tawa da Maraɗi.

Ba duk mai shiru ne bai damu ba. Muhawarar siyasa tana da zafi a fadojin matasa masu shan shayi, a kasuwanni, a shirye-shiryen kiran waya na rediyo, da kuma saƙonnin murya na WhatsApp. Giɓin yana tsakanin wannan hira da hanyoyin da ke tilasta wa hukuma saurare.

Hanyoyin da ɗan ƙasa ke da su

Zaɓe ɗaya ne daga cikinsu. Kotu ma hanya ce, kuma ba ta 'yan boko kaɗai ba ce. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya ta shafe shekaru cikin bauta, ta kai gwamnatin Nijar ƙara gaban kotun CEDEAO da taimakon ƙungiyar Timidria. A ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta samu gwamnati da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Tun 2003 dokar ƙasa ta haramta bauta, amma sai da mace guda ta tsaya da ƙungiya a bayanta kafin dokar ta yi aiki a kanta.

An kuma samu majalisun ƙananan hukumomi da aka fara zaɓa a 2004, kafin a rusa su a 2024. Akwai kuma ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma da na mata, da sa ido a rumfunan zaɓe, da dokar watan Fabrairun 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Dukkansu aiki ne na yau da gobe wanda ba a yi masa tafi, amma shi ke tara mutanen da za su fito idan rana ta ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga 2011 zuwa yau

Dokar watan Yunin 2010 ta soke ɗaurin 'yan jarida saboda aikinsu, kuma a ranar 30 ga Nuwamban 2011 Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain ta 'yancin jarida. Marou Amadou ya zama ministan shari'a. Duk da haka, a ranar 25 ga Maris 2018 an kama Moussa Tchangari da Nouhou Arzika da Ali Idrissa saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, suka yi wata huɗu a tsare. An yi amfani da dokar 2019 kan laifukan intanet wajen gurfanar da 'yan jarida da masu fafutuka. Waɗanda suka yi yaƙi da tazarce sun nuna cewa hawa mulki na iya sauya mutum, don haka sa ido ba ya ƙarewa da faɗuwar gwamnati guda.

Issoufou ya sauka bayan wa'adi biyu, Mohamed Bazoum ya gaje shi a ranar 2 ga Afrilun 2021, karon farko da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓen shugaba a tarihin ƙasar. A zaɓen, sama da kashi 60 cikin 100 na masu rajista miliyan 7.4 sun fito. A ranar 26 ga Yulin 2023 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka kifar da shi, majalisar CNSP ta Janar Abdourahamane Tiani ta jingine kundin tsarin mulki, dubban mutane suka cika titunan Yamai da filin wasa na Seyni Kountché suna goyon bayanta, musamman bayan takunkuman CEDEAO da barazanar amfani da ƙarfi.

An rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, aka maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet a watan Yunin wannan shekara, aka kama Moussa Tchangari a watan Disamba. Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A watan Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tanadi riƙon ƙwarya na shekara biyar, ya kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sannan aka rusa jam'iyyun siyasa.

Cikar titunan 2023 ta nuna cewa 'yan Nijar, musamman matasa, sun damu da makomar ƙasarsu. Tarihin 1990 da 2005 da 2009 kuma ya nuna cewa fitowa titi kan buɗe ƙofa ne kawai. Abin da ke hana a sake rufe ta shi ne yawan mutanen da ke da katin zaɓe a hannu, suka san abin da doka ta ce da harshensu, kuma suke tambayar inda aka kai wanda aka kama ko da ba su yarda da ra'ayinsa ba.